Likitan Shanu a Cikin Makaɗan Abzin

A shekarun da nake aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma a Gumel, gidan haya ɗaya muke zaune da wani mutumin Filato, malamin dabbobi. Kowa Likita yake ce masa. Mutum ne marar hayaniya, kullum riga a soke cikin wando, ga tabarau. Na san yana kaɗa gita a cocinsu, irin mai kaurin muryar nan da ake jin ta a ƙirji, domin da yamma nakan jiyo shi ta katanga yana gwaji a hankali, kamar mai kunyar a ji shi.

Duk Alhamis yakan je kasuwar Maigatari duba dabbobi. Wata Alhamis bayan girbi babur ɗinsa ya ƙi tashi, sai na kai shi a nawa. Mun gama bayan La'asar, za mu juyo gida, sai muka ji wani kiɗa daga bayan kara, inda ake cinikin dabbobi, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ashe wani dillalin raƙuma ne ke aurar da ɗansa, ya ɗauko makaɗa Abzinawa daga Nijar, masu yawon wasa gari-gari.

A fili suke, a kan tabarmi, an jingina lasifikoki a jikin akori-kurarsu, janareta na can gefe yana ta faman ƙara. Samari ne dogaye, sun sha rawani, idanu kawai ake gani. Biyu na riƙe da gitar lantarki, ɗaya da mai kaurin murya, ɗaya kuma yana bayan ganguna. Shugabansu ya taɓa wayar gitarsa, ta yi wani kuka mai tsawo har tsigar jikina ta tashi, sannan ganguna suka shigo kamar sukuwa. Ni da na tsaya don in leƙa kawai, sai na tsinci kaina ina tafi tare da mahauta da direbobi. Ban ji ko kalma ɗaya ta waƙar ba, kuma ban damu ba.

Ana cikin haka sai mai kaɗa gitar nan mai kaurin murya ya zauna daɓas a ƙasa, jikinsa na kyarma. Zazzaɓi ne ya kayar da shi. Aka ɗauke shi zuwa inuwa, sauran suka ci gaba, amma kiɗan ya zama fayau, kamar miya ba gishiri. Na dubi Likita, na ga yatsunsa suna ta motsi a kan cinyarsa.

“Likita, ka je mana,” na ce.

“Haba Malam, da girmana?”

Ban jira ba, na ja hannunsa har gaban shugaban, na ce ga wanda ya iya. Shugaban ya dube shi tun daga tabarau har takalmin roba mai kashin shanu, ya yi dariya, ya miƙa masa gitar mai zazzaɓin.

“Bismilla, Mushe,” ya ce, wato Malam da Faransancinsu.

Da farko abin bai yi daɗi ba. Likita ya saba da kiɗan coci, yatsunsa sai hawa da sauka suke, suna gaba, makaɗan na baya. Shugaban ya matso kusa da kunnensa, na ji ya ce da irin Hausarsu ta ƙetare, “Mushe, sannu-sannu. Ka san tahiyar raƙumi? To ita za ka yi.” Raƙumi kuwa Likita ya san shi, tun safe a cikinsu yake. Ya rufe ido, ya soma jefa sautin ɗaya bayan ɗaya, yana rangaji. Nan take kiɗan ya zauna daram, fili ya ɗauki sowa.

Da aka kira Magariba suka ajiye kaya, muka tafi salla tare da su, Likita ya zauna gadin gitoci. Kafin mu rabu suka roƙe shi ya bi su ran Asabar wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, inda samari suka gayyace su bikin kalankuwa, don ɗan'uwansu ba zai warke kafin nan ba.

Da muka ba matarsa labari a tsakar gida, sai da ta ajiye ludayi ta riƙe ciki don dariya. “Baban yara? A gaban mutane? Sai na gani da idona.” Ran Asabar kuwa ta yi kwalliya, ta ja uwargidana, suka shiga motar haya, mu muka bi su a babur.

A ƙauyen, an share wata gona da aka gama yanke gero, ga dammuna an jera a gefe, masu tsire da masu rake sun kewaye wurin. Makaɗan suka ce ba mai tsayawa a cikinsu kai ba rawani. Suka zaunar da Likita suka naɗa masa wani baƙi mai sheƙi, suka ba shi doguwar riga, sai tabarau kaɗai ya rage a waje. Ranar ya sake sosai. Har ya riƙa takawa gaba yana komawa baya tare da su, kafaɗa da kafaɗa. 'Yan mata suka yi layi suna tafi, tsofaffi a kan tabarma suna gyaɗa kai, matarsa kuwa ta rangaɗa guɗa irin ta garinsu, uwargidana ta amsa mata da tamu.

Can sai wani dattijon Bafulatani ya keto taro da sandarsa, ya tsaya gaban Likita yana leƙen fuskarsa. Ya juyo ya ce da ƙarfi, “Wallahi likitan shanu ne!” Wuri ya kece da dariya, labari ya zagaya, mutane suka yi ta turereniya don su gani. Dattijon bai matsa ba. Ya jira waƙa ta ƙare, ya ce, “Likita, nagge tawa ba ta cin ciyawa.” Likita ya ce masa ya yi haƙuri a gama. Da aka tashi kuwa muka bi shi ruga, rana na shirin faɗuwa, Likita ya duba saniyar da rawaninsa da komai, ya yi mata allura, aka cika mana ƙwarya da kindirmo.

Wasansu na ƙarshe a yankinmu a Gagarawa suka yi, a filin ƙwallo, kafin su wuce Kano. Mai gitar ya warke, ya karɓi kayarsa. Na ɗauka Likita zai ji babu daɗi, sai na ga ya fi kowa murna. Muka tsaya a cikin jama'a, shi kuma ya kafa wa yatsun saurayin ido, yana ta taɓa ni.

“Malam, ka ji? Ka ji abin da ya yi? Kai, yaron nan ya fi ni nesa ba kusa ba!”

Da suka shiga waƙar da ta fi sauri, shugaban ya hango mu, ya ɗaga gitarsa sama ya yi kira a lasifika, “Mushe Likita!” Jama'a suka buɗa mana fili. Ni da ban taɓa rawa a bainar jama'a ba ko a bikina, na cire hula na cusa a aljihu, muka shiga, ni da shi, muka yi ta yi har ƙafafuna suka gaji.