Jan Katin Yaya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi, wani gandiroba ya kira ni a waya ya ce yayana ya rasu a gidan yari. Na ce masa to, na gode. Na ƙarasa wanke motar da nake wankewa. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Yaya, shekara ashirin da biyu kana alƙalancin ƙwallo, har sunanka ya ɓace, kowa Alƙali yake ce maka. Ni ƙanenka ma ba ka ƙyale ni ba. Ka taɓa ɗaga mini jan kati a gaban unguwa kaf, kan laifin da ban yi ba, Inna ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarka. Da yamma ka zo ka ce kuskure ka yi, ka wanke mini takalmin ƙwallo da hannunka. Amma ka ce na kyauta da na fita, don da na ƙi, da wasan ya watse.

Da rumfar 'yan kallo ta rufta a filin wasa ta kashe mutum uku, sai aka zaƙulo takardar da ka sa wa hannu cewa fili ya yi. Ciyawa da layi da raga ka duba, rumfa ba aikinka ba ce. Masu rumfar suna gidajensu. Kai aka yanke wa shekara bakwai.

Bara ciwon suga ya kayar da kai, aka kawo ka asibiti. Gandiroban da ke gadinka ya cire maka ankwa, ya ce zai je sallar azahar, ya dube ni ya ƙara da cewa shi addu'arsa tana da tsawo. Motata tana ƙofar baya, tanki cike. Na ce ka tashi.

Ka ce, "Ƙanena, 'yan wasa nawa na kora bisa kuskure? Duk sun fita, daga baya suka kai ƙara. Yau an busa mini, sai in ce ni ban yarda da usur ba?"

Na ce, "Yaya, wannan ba minti casa'in ba ne, ranka ne."

Ka miƙa hannu gefen gado, kana jiran ankwa.

Ban sani ba ko kai ne da gaskiya. Wasu sun ce dattaku ne, matarka ta ce taurin kai ne. Fursunoni dai sun shaida cewa kai ke raba musu wasa duk Asabar, kana yin fito da yatsu biyu a baki a madadin usur, kuma ba a taɓa yi maka gardama ba.

Jiya aka ba ni kayanka a leda: agogo, tabarau, da usur ɗin da suka karɓe ranar da ka shiga. A jiyan kuma takardar kotu ta iso. An sa ranar sauraron ƙarar da ka ɗaukaka, ashirin da ɗaya ga wata. Zan je in zauna a gaba. Idan an kira sunanka, zan miƙe in gaya musu cewa ka jira su, ba ka gudu ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka huɗu, da iyalan mutum ukun nan da ba ka taɓa daina yi wa addu'a ba. Allah Ya ba mu haƙuri. Gaban Alƙalin da ba Ya kuskure ka tafi.