Baffa Sale, Mahaucin da Ke Gaba da Kitse

Duk wanda ya ci kasuwar Gwagwalada tun tana 'yan rumfunan ciyawa ya san Baffa Sale, yayan babana. Ka sayi nama, sai ya yanke kitsen tas ya ture gefe, wai na masu sabulu ne. In ka ce, "Haba Sale, ɗan bar min mana," ya harare ka ya ce, "Me na yi maka da kake so in je jana'izarka?"

Abin ya faro ne ranar da babban wansu ya dafe ƙirji ya faɗi a bakin rumfa, rai ya yi halinsa. Malamin asibiti ya gaya wa Baffa kitse da taba da zaman wuri ɗaya ke toshe hanyar jini zuwa zuciya. Nan ya rantse ba zai sake binne ɗan'uwa ba. Ƙani ɗaya ya rage masa, babana Audu, mai tumbi kamar randa. Kai, bawan Allahn nan ya ga ta kansa.

Wata Bafulatana ta kawo wa Baba man shanu kyauta, Baffa ya zauna ya shafe ƙafafunsa da shi, wai faso ma yana da hakki. Baba ya hau motar kasuwa zai je gona, Baffa ya tare direba: "Sauke min wannan, tayarka ba ta yi masa laifi ba." Haka suka taka, Baba na haki, Baffa na bin sa da wa'azi.

Ta fi muni ranar aurena. Aka kawo wa uban amarya tozo, yadda mahauta ke girmama nasu. A gaban surukai Baffa ya zura hannu cikin akushi ya ɗauke.

"Yaya, ka kunyata ni."

"Yi ta fushi, Audu. Ai mai numfashi ke fushi."

Daminar nan kaf Baba bai gaishe shi ba.

Baffa ya tsufa tukuf kafin ya rasu. Ranar sadakar uku aka ajiye wa Baba tozo, furfura ta cika masa kai, jikoki kewaye da shi. Ya daɗe yana kallon akushin, yana jira, ba hannun da ya zo. Da kansa ya ture shi, hawaye na bin gemunsa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya saka masa da alheri kan wannan fitinar tasa.