Dashen Tumatirin Baba

A shekarar da aka sallami Baba daga masaƙa a Kaduna muka tattara komatsanmu muka koma Gubuchi, gidan kakarmu Iya. Zamanin soja ne, zamanin tsuke bakin aljihu. Sabulu da madara sai an bi layi, kayan miya kuwa kullum ƙara tsada suke yi. Ina da shekara tara, ƙanena Sani yana da shida.

Baba ɗan fari ne a wurin Iya, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Shi ma tun dawowarmu bai cika son magana da kowa ba. Shekara goma sha biyu yana gaban injin saƙa, fartanya ta zame masa baƙuwa.

Da damina ta yi nisa sai ya ce zai mai da kangon bayan gida lambu, ko ma huta da sayen kayan miya. Ya kewaye shi da darnin kara saboda awaki, ya zuba takin bola, ya ja kunyoyi. Maƙwabcinmu Malam Bulus ya ciro masa 'yan tumatir da tattasai daga cikin waɗanda yake reno. Baba ya dasa su da tsakar rana, ranar kuwa ko ɗigon hadari babu. Kafin la'asar duk sun langaɓe, sun kwanta a kan kunya.

Ina wanke-wanke na ji yana ce wa Innarmu, "Gobe zan tuge su in watsa wa awaki. Ni ba manomi ba ne. Jibi in koma Kaduna, ko dako ne in yi." Inna ta ci gaba da aikinta. Ta san ba shi da wurin kwana a can, mu kuma nan za a bar mu.

Bayan magariba muka taru a madafin Iya kamar kullum, tana gasa mana masara a kan garwashi. Baba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, rediyonsa a kashe. Iya ta gyara zama za ta yi mana tatsuniya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe gare ku."

"Ta iso, muna ji," muka ce.

Wai a wata shekarar yunwa, wata tsohuwa a bakin rafi ta ba wasu mata biyu, Dela da Kande, 'yan tsiro damƙi guda-guda. Suka dasa, tsiron ya kwanta. Dela ta ce an cuce ta, ta tuge nata ta ba akuya, ta koma rafi neman wani, ba ta tarar da kowa ba. Kande kuwa ta zauna a gindin darni tana hawaye, sai ƙadangare ya leƙo ya ce mata ba mutuwa suka yi ba. Ta kakkafa musu rassa su yi musu inuwa. Ta ba su ruwa da yamma, a gindi, ba a ka ba. Ta zagaye su da toka saboda tsutsa, sannan ta ɗauke hannunta kwana uku. A rana ta uku suka miƙe, gidan Kande aka ci miya har bazara.

Sani ya ce, "Iya, to me ya kwantar da su?"

"An raba su da ƙasar da suka sani, ɗan nan. Kai ganye kake gani a kwance, amma can ciki saiwa tana laluben wurin kamawa. Ka ba ta lokaci." Ta miƙa masa masara. "Ta ƙare, kowa ya ci rabonsa."

Da gari ya waye na tarar da Baba a lambu, yana kafa rassan darbejiya a gefen kowane tsiro. Bai dube ni ba ya ce, "Hajara, ɗebo mini toka a murhu." A rana ta uku akasarinsu suka miƙe. Bakwai suka mutu, ya maye gurbinsu, wannan karon da yamma liƙis. Bai koma Kaduna ba. Kafin kaka ya ƙara kuɓewa da alayyaho, shekara na zagayowa mutane suka fara zuwa wurinsa neman iri.

Yanzu ina da nawa gidan a Ikara da ɗan lambu a bayansa, ban taɓa yin dashe rana na tsaka ba. Na daɗe ina ɗauka abin da na koya daren nan ke nan. Sai bara, da ɗana ya dawo daga Abuja ba aiki, ya shige ɗaki ya kwanta, ba ya son ganin kowa. Sau da yawa faɗa ya zo mini har baki, na haɗiye. Na riƙa ajiye masa abinci, na hana dangi damunsa da tambaya, na jira. Nasa kwana ukun wata biyar ya ɗauka, amma ya tashi.