Maiƙon Hancin Fusae

Fusae ba ta wanke fuska da safe, kuma ba wanda ya isa ya sa ta. Tun tana budurwa take aiki a ɗakin duban rana na kan dutse, inda ƙanƙara ke toshe hanya rabin shekara. Na'urarsu tana kare ƙwayar rana ne don a ga siririn hasken da ke kewaye da ita, kuma 'yar ƙura a kan gilashin na'urar ta isa ta ɓata aikin yini guda. Maganin abin kuwa maiƙon hanci: a dangwala da yatsa, a murza a kan gilashin, a goge. Haka ta taras ana yi. Surukarta har ta mutu ƙazama take kiranta, Fusae ko a jikinta.

Tambaya ɗaya ce ta cinye mata rayuwa. Yaya aka yi iskar da ke kewaye da rana ta fi fuskar ranar zafi ninkin ba ninkin? Wa ya taɓa ja da baya daga murhu ya ƙone? Ita dai ta kafe cewa igiyoyin maganaɗisu ne ke kaɗawa, kamar an girgiza igiyar shanya, su kwashi ƙarfi daga fuskar ranar su sauke shi can sama ya zama zafi. Kaɗawar nan take so ta kama da na'urarta kafin ta bar duniya.

Sai likita ya ce zuciyarta ba za ta ƙara jure zaman kan dutse ba. Ɗanta Tetsuro, wanda ya tashi a hannun dangi yana jin haushin rana don ta ƙwace masa uwa, ya hauro da mota. Ya kuwa zo a safiyar da sama ta washe tas bayan dogon gajimare.

"Inna, ɗauko jakarki. Gobe za a rufe hanya."

"A rufe mana. Wa ya ce maka tafiya zan yi?"

"Ga tauraron ɗan'adam can yana yi muku aikin. Mutuwa kike nema?"

"Gani ya kori ji, yaro. Matsa ka ba ni wuri."

Ta shafi hancinta, ta duba yatsa. Ƙayau! Ta sake shafawa, babu. Tsufa ya shanye maiƙon. Nan ne fa ta ji tsoron da maganar likita ba ta ba ta ba.

Sai ta dubi Tetsuro. Hancinsa sai ƙyalli yake.

"Zo nan, sunkuyo."

"Haba Inna, da furfurata?"

"Sunkuyo na ce, mai hancin ubansa!"

Ya sunkuya. Rabon da hannunta ya taɓa fuskarsa tun bai shiga makaranta ba, kuma dukansu sun san da haka. Yatsan ya ɗan daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke bukata. Sannan ta juya ta taka tsanin da ake hawa a kai ga gilashin na'urar.

"In na faɗi ka ɗauke ni ka kai inda kake so. Kafin nan, riƙe min."

Tetsuro ya jefa makullin motar a aljihu, ya riƙe tsanin da hannu biyu.