Taliyar da Hajiya Ta Nema

Kwana shida maiɗakina ta yi a gadon asibiti ba ta saka wa cikinta komai ba sai ruwan shayi. Na kai kunun tsamiya, ta kawar da kai. Na sa an yi farfesun ƙafar saniya, wadda ni da kaina na zaɓo a kwatar Trans-Amadi, ta ce ƙamshinsa na tayar mata da zuciya. A rana ta bakwai likita ya keɓe ni a baranda, ya shaida mini cewa maganin da ake ba ta ba ya zama a cikin da babu abinci, kuma idan Juma'a ta yi ba ta fara ci ba, za su zura mata roba ta hanci. Ran nan Talata ce. Ita kuwa ta riga ta rantse cewa ranar da aka nufo ta da robar nan, ranar za ta koma gida, kome zai faru ya faru.

Da na koma ɗakin, ba ta ko buɗe ido ba ta ce, "Alhaji, ka tuna taliyar Turawan nan?"

Na tuna. A shekarar da na kawo ta Fatakwal muka kama ɗaki a Borokiri, ni ke kai nama ga wasu Turawan Italiya masu aikin gini. Wata rana kukunsu, wanda ya san ni Musulmi ne, ya ware tukunya ya dafa mini irin abincinsu da naman da na kai: taliya mai faɗi kamar ɗan yatsa, an lulluɓe ta da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama, an barbaɗa cuku a kai. Na kai gida. Tana da cikin fari a lokacin, ta cinye tas ba ta rage mini ba. Turawan sun daɗe da komawa ƙasarsu, kukun kuwa ban san inda rayuwa ta kai shi ba.

Na ce, "Za a samo, Hajiya, in Allah ya yarda."

Na fara da kasuwar Mile One, wurin mutanenmu masu kayan abinci. Kowa na tambaya sai ya miƙo mini taliyar leda. Wata mai abinci ta ce ta gane abin da nake nufi, ta dafa, na kai da zafinsa. Hajiya ta dubi kwanon ta ce, "Wannan ai dafa-duka ce." Sa'an nan 'yarmu ta bincika a wayarta, ta rubuta mini gidajen abinci uku a tsohuwar unguwar Turawa.

Ranar Laraba na sa babbar rigata ta shadda da hula, domin ban ga dalilin da dattijo zai shiga irin waɗannan wurare a wulaƙance ba. Gida na farko na tarar an mai da shi shagon wayoyi. A na biyu aka zaunar da ni, aka ba ni takardar abinci wadda ban iya karanta ko layi ɗaya a cikinta ba. Na ajiye ta, na tambayi ma'aikacin abin da kowane mahauci zai tambaya: wane ne ya yanka naman, a wace kwata, kuma ko an ambaci sunan Allah. Ya kira babbansu. Babban ya dubi rigata, ya ɗauka daga hukuma aka aiko ni, ko kuwa rigima na zo nema, ya raka ni ƙofa cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

A gida na uku na ga abin da nake nema a gaban wani baƙo, faɗinta da launinta duka. Ma'aikaciyar wurin ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce akwai naman alade a cikin niƙan, kuma da giya ake dafa miyar.

Zan faɗi abin da na yi, ko da yake ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Na saya. Aka zuba mini a kula, na hau keke napep da kular a cinyata har ƙofar asibiti, ina gaya wa zuciyata cewa marar lafiya tana da uzuri, kuma abin da ba ta sani ba laifinsa a wuyana yake. Na zauna a dakalin mai gadi daga azahar har aka kira la'asar, ƙafafuna suka ƙi shiga. Matar da ta amince da duk abin da hannuna ya miƙa mata tun tana amarya, ban iya yaudararta ba. Na bar wa mai gadin abincin, shi Kirista ne, na shiga hannu wofi. Ta dubi hannuwana, ta juya fuskarta ga bango.

Ranar Alhamis da sassafe na tafi kwata, ba don ina da aiki ba, sai don ban san inda zan nufa ba. Na tarar da tsohon abokina, wanda muka fara fawa tare, yana daddatsa ƙashi. Na ba shi labari, na ɓoye na kular.

Ya ce, "Ta wace ƙofa ka shiga?"

Na ce, "Ta inda mutane ke shiga."

Ya ajiye gatarinsa yana dariya. "Alhaji, tun da ka je Makka ka daina ɗaukar nama, har ka manta ƙofarmu. Duk zamanin da ka yi kana kai wa Turawa, yaushe ka taɓa ganin kuku a ƙofar gaba? Can sai masu ɗaukar faranti. Cire rigar nan, kana kama da mai neman ƙuri'a."

Ya yanko mini tsokar kafaɗa da ɗan kitse daga bijimin da aka yanka a gabana, ya naɗe a takarda. Na bar rigar a rumfarsa, na hau okada da 'yar shara, abin da na daɗe ban yi ba.

Ƙofar bayan gidan abinci na uku tana cikin wani lungu, kusa da kwandunan shara da injin wuta. Na ƙwanƙwasa. Shugabar madafar ta leƙo, wata dattijuwa mai farar hula, ta ga takardar nama a hannuna. Da Turancin kasuwa muka yi magana.

Ta ce, "Baba, muna da mai kawo mana."

Na ce ba talla na zo ba. Ta tsaya tana jira. A tarbiyyar da na tashi, namiji ba ya kai zancen iyalinsa gaban baƙi, ko sunanta ba na faɗa a gaban 'ya'yanmu. Amma gobe Juma'a. Na ce, "Matata ce. Kwana takwas ba ta ci ba. Wannan abincin naku kaɗai ta nema, kuma ba za ta ci alade ko giya ba."

Ta ce, "In babu giya, ba zai yi ɗanɗanon da ta sani ba."

Na ce, "Wanda ta sani ma babu giya."

Ta buɗe ƙofar. Ta ɗauko sabuwar tukunya, ta nufi injin niƙa da naman, na dakatar da ita, domin na san abin da injin ya niƙa jiya. Na roƙi wankakken katako da wuƙaƙe biyu. Na tsaya na sare naman da hannu biyu har ya yi laushi, masu aikin madafar suna kallona. Ta ce, "Baba, kana neman aiki? Injinmu bai kai ka ba." Ban iya yin dariya ba. Sa'o'i uku miyar ta yi a wuta, ina zaune a kan buhun albasa ina duban agogo.

Bayan la'asar na isa asibiti. 'Yarmu ta tayar da uwarta zaune, ta jingina ta da matashi. Hajiya ta shinshina, ta karɓi cokali ɗaya, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Ba ita ba ce. Waccan ta fi gishiri."

Na sunkuyar da kai, ba ni da sauran inda zan je a garin nan. Sai na ji ƙarar cokali a kwano. Ta ci na biyu, ta huta, ta ci na uku. A na biyar ta ture kwanon, ta ce a rufe, kada a ba kowa.

Da safe likita ya ce cokali biyar ba abinci ba ne, amma zai dakata da robar zuwa Litinin ya gani. Daga ofishinsa na wuce kwata, na ce wa abokina ya yanko mini kafaɗa irin ta jiya, ya ƙara kitse kaɗan.