Turkancin Inna

Inna, mahaifiyata, ta shekara talatin da biyu tana ɗinki kafin ta taɓa hawa jirgin sama. Ta zo wurinmu ne lokacin da matata ta haifi ɗanmu na biyu, da niyyar yin wata uku. Matata Baturkiya ce, a ƙasarsu muke. Muna zaune a hawa na huɗu, mahaifiyarta kuma tana ƙasa da mu, ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Inna ta sa mata suna Ta Ƙasa.

Ranar farko aka samu matsala. 'Yarmu ta fari ta ruga ta rungume Inna tana kiran “Kaka! Kaka!” Sai surukata ta zaro ido, ta toshe wa yarinyar baki. Inna ta shige ɗaki ranta a ɓace. Da ƙyar matata ta iya yi mata bayani, kanta a sunkuye, cewa a Turkanci da wannan kalmar yara ke kiran kashi.

Inna ta fashe da dariya har da hawaye.

“Ashe baiwar Allah mutuncina take karewa! To, ku koya mini yaren nan kafin in zagi wani ban sani ba.”

Na sa ta a ajin baƙi da ke ƙarshen layinmu. Sau biyu ta je ta daina. “Kalma ɗaya sai ka ce jirgin ƙasa,” in ji ta. “Kafin malamin ya kai wutsiyarta na manta kan.”

A ɗakin Ta Ƙasa ta yi karatunta. Akwai tsohon keken ɗinki a can da ya shekara biyar ba ya motsi. Inna ta kwance shi, ta zuba masa mai, ya tashi. Kullum da hantsi sai ta sauka. Surukata ta ɗaga almakashi ta ce “makas”, Inna ta tafa hannu ta ce ai wannan ɗan gida ne. Allura da zare su suka ba ta wuya. Takan rubuta su da ajami a bayan tsohuwar kalanda, tana maimaitawa tana wanke-wanke.

Wata Talata da rana muna wurin aiki, wayar Inna ta yi ƙara. Ta Ƙasa ce, muryarta can ciki, tana cewa “kaza, kaza”. Inna ta ɗauka kaza aka sayo ana neman mai gyarawa, har ta ɗauki wuƙa da roba ta sauka. Ba ta san haɗari kalmar ke nufi ba. A banɗaki ta same ta kwance a kan tayil, santsi ya kwashe ta, ƙugunta ya karye.

Inna ta kira matata, matata ta kira motar asibiti. Minti ashirin suka yi suna jira. Inna ta zauna a cikin ruwan, ta ɗora kan matar a cinyarta, ta lulluɓe ta da mayafinta. Duk kalmomin ɗinkin nan babu mai amfani. Sai ta tuno abin da matata ke faɗa wa jariri idan ya firgita.

“Korkma,” ta ce mata. “Buradayım.” Wato kada ki ji tsoro, ina nan.

Shi ta yi ta faɗa har masu motar suka hauro.

Da wata ukun suka cika na kawo maganar komawa gida. Inna ta kalle ni sama da ƙasa.

“Kai, wa zai yi mata wanka? Kai?”

Ta tattara kayanta ta koma hawa na uku. Ita ta yi jinyar, ita ta riƙe ta ranar da ta fara takawa da sanda. Shekara biyu ke nan yanzu. Turkancin Inna har yau a karkace yake, matata ta ce ba ta taɓa jin mai haɗa jimla irin tata ba, amma ya ishe su faɗa a kan gishirin miya da wanda ya bar taga a buɗe. Jiya na sauka gaishe su, na tarar suna magana ƙasa-ƙasa. Suna ganina suka yi tsit.

“Inna, gulmata kuke yi?”

“Ta ce ka rame,” in ji Inna. “Na ce mata rowa ce, ko kanka ba ka iya ciyarwa.”