Si Bu'azza da Curin Sukari

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Si Bu'azza a garin Hanifra ya san za a yi masa aski mai kyau, kuma ya san ba zai samu damar cewa uffan ba. Gajere ne mai tumbi, da gashin baki wanda yake kula da shi fiye da kawunan masu biyansa. Tun yana saurayi ya gaji shagon daga kawunsa, tun ranar kuma bakinsa bai huta ba. Ya san abin da ya sa tumatir ya yi tsada, ya san abin da ya hana ruwan sama zuwa, ya san laifin kowane mai tsaron raga a ƙasar nan. Matarsa Zuhura, Allah ya jiƙanta, takan ce rediyo ta aura, sai dai nata ba a yi masa wurin kashewa ba.

Da zafin Agusta ya sauka sai ya garƙame shago, ya loda iyali a motar maƙwabci, su haura duwatsu zuwa tafkin Azigza. Shi dai cewa yake sun fita daji, amma gaskiyar magana falon gidansa yake kwashewa ya kai bakin ruwa. Darduma, katifu, matasan kai, tukunyar gas, tukunyar kuskus, har madubin shago ba ya bari. Motar takan hau dutsen tana nishi kamar za ta roƙi gafara. In sun isa ya kafa tanti a gindin itacen al'ul ɗin da ya saba, ya ɗaura barguna daga wannan itace zuwa wancan, ya zauna ya fuskanci tafki. Ruwan kuwa ko ɗan yatsansa bai taɓa shiga ba. Ya rantse tafkin ba shi da ƙasa, wai kakansa ya ga ya haɗiye saniya har da igiyarta. Aikinsa daga safe zuwa yamma shi ne daka wa jikokin mutane tsawa su fito.

A gindin itacen da ke kusa, kowace shekara, iyalin Alhaji Muha na garin Mirirt ke sauka. Cikinsu akwai ƙanwar Alhajin, Lalla Hadda, masaƙiyar darduma wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta yi kuma ba ta kewaye-kewaye. Ita da Zuhura ƙawayen bakin tafki ne, tare suke murza kuskus suna yi wa mazan sansanin dariya.

Bayan rasuwar Zuhura, Si Bu'azza ya ci gaba da zuwa, wai don jikoki. Sai da shekaru suka ɗan ja ya gane ba iska mai sanyi ce ke sa shi ɗokin Agusta ba. Son Lalla Hadda yake yi, so na tsufa mai nauyi da ban kunya. Kullum da safe yana gyara gashin baki a gaban madubi yana shirya jawabin da zai yi mata. Da zarar ta wuce da bokitin ruwa sai jawabin ya bi iska.

“Ina kwana, Lalla. Yau da sanyi.”

“Da sanyi, Si Bu'azza.”

Iyakarta ke nan. Mutumin da ya cika Hanifra da surutu, abin da yake iya haɗawa a gabanta ke nan, shekara da shekaru.

Bana kuwa ya ji labarin da ya hana shi cin abinci: ɗanta da ke Tanja zai ɗauke ta ta koma wurinsa, wannan ne zuwanta tafki na ƙarshe. Hutu ya yi ta ƙarewa, maƙwabta sun fara naɗe darduma, shi kuwa har yanzu yana kan maganar sanyi.

Ranar Juma'a bayan la'asar, yana sanye da farar jallabiyarsa, ya zauna haɗa shayi. Buta ta tafasa, na'ana'a na hannu. Ya fito da sabon curin sukari a cikin shuɗiyar takardarsa, ya ajiye 'yar gudumar tagullar da yake fasa shi da ita. Juyawar da zai yi, wani ƙaton biri ya diro daga itace, ya sure gudumar, ya koma reshe yana jujjuya ta.

“Kai ɓarawo! Shayi kake sha da za ka ɗauki guduma? Sauko mu yi magana ta hankali!”

Birin ya dube shi, ya yi hamma.

'Yarsa Na'ima, wadda ita ma uwar 'ya'ya ce, ta leƙo daga tanti. “Baba, bar wa'azin nan, ba zai tuba ba. Je ka aro ta su Alhaji.”

Ya miƙe zai tafi, sai ya hango sauran birai sun jeru suna kallon sukarin. Ya ce wallahi ba za su haɗa biyu ba, ya rungume curin a ƙirji ya kama hanya.

To, a wajenmu namiji ba ya sa farar jallabiya ya ɗauki curin sukari da takardarsa ya nufi ƙofar mutane haka kawai. Ko an yi rasuwa, ko an yi haihuwa, ko kuma aure ya zo nema. A tantin Alhaji Muha ba wanda ya mutu, ba wadda ta haihu. Mata masu wanke-wanke a bakin ruwa suka saki kwanuka. Masu karta suka ajiye karta. Si Bu'azza dai yana tafe yana zagin biri a zuci, bai lura ba.

Alhaji Muha ya taso da sauri yana gyara rawani, yana ƙwala wa matarsa kira. “Marhaban, marhaban! Ittu, kawo sabuwar dardumar nan!”

“Alhaji, ai ba zama zan yi ba, na zo ne...”

“Mun gani, Si Bu'azza, muna da ido. Zauna.”

“Wato wani biri ne...”

“Haba, kar ka zagi kanka. Tsufa ne kawai, duk muna ciki.”

Ittu matar Alhaji ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye daga kan ruwa. Sai a lokacin Si Bu'azza ya dubi jallabiyarsa, ya dubi abin da ke ƙirjinsa, ya gane abin da ake zato. Gumi ya karyo masa duk da iskar dutse.

Alhaji ya ce, “Ni ba ni da ta cewa. Hadda ba yarinya ba ce, ita za ta ba ka amsa da bakinta.”

Lalla Hadda ta fito daga bayan bargo, hannunta da garin burodi, riƙe da gudumarsu ta sukari. Ta tsaya a kansa.

“Na ga birin, Si Bu'azza. Ina kwaɓa gari na ga komai.” Ta miƙo gudumar. “In wannan ka zo ara, karɓi ka tafi da sukarinka, butarka na ƙonewa. In kuma ba ita ba ce, ajiye sukarin a nan.”

Ga hanyar tsira an buɗe masa: ya karɓi guduma, a yi dariya, gobe a manta, ita kuma ta tafi Tanja. Ya buɗe baki, jawabin madubi ko kalma ɗaya bai zo ba. Ya sunkuya ya ajiye curin a kan darduma, a gaban ƙafafunta.

“Lalla,” muryarsa ta fito 'yar ƙarama, “kar ki tafi Tanja.”

Sai ta durƙusa, ta yage shuɗiyar takardar, ta ɗaga guduma ta ba curin ɗaya, ya rabe biyu.

“Ittu, ɗora buta,” ta ce. Ta juyo gare shi. “Kai kuma ka ji kunya. Sai da biri ya turo ka.”

Rana ta kusa faɗuwa ya koma tantinsa hannu wofi. Na'ima na zaune gaban buta, ta ji guɗar tun ɗazu, idonta ya yi ja.

“Baba, ina sukarin?”

“An karɓa.” Ya kasa haɗa ido da ita. “Ranki ya ɓaci?”

Ta goge ido da gefen mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata. “Da Mama na nan ta ga tafiyar nan taka, da sai an ɗaga ta daga ƙasa don dariya.”

Ta zuba masa shayin haka nan, baƙi ƙirin, ba ko ƙwayar sukari. Ya shanye bai yamutsa fuska ba, ya miƙa kofin a ƙara masa.